Ɗamara ba ta ƙetare iyaka: tarihin filin kokawar Hartum

 Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan makon, mun rubuto shi domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana bisa hanya.

Yanzu a Kano da Maraɗi da Zariya da Damagaram akwai yara da yawa masu koyon judo da karate. Yaro zai yi shekara huɗu ko biyar yana fama, har ya samu ɗamara mai launi wadda ke nuna matsayinsa. Sai fatauci ya mai da iyayensa wani gari, ya shiga sabuwar makaranta, malamin ya dube shi ya ce: ajiye wannan, ɗaura fara, ka koma sahun baya. Yaro ya ga an ci masa mutunci, wani ma daga ranar ya bar wasan ke nan. Manya ma suna gamuwa da irin wannan. Wanda ake tashi a ba shi tabarma a kasuwar garinsu yakan sauka wata kasuwa ya tarar ba mai amsa sallamarsa da daraja. To, a yau za mu je Sudan, inda wannan al'amari ya faru da mutane iri iri a fili guda, mu ga yadda suka yi da shi.

Mu fara da asalin ɗamarar kanta. Wanda ya ƙirƙiro ta wani malamin makaranta ne a Japan, sunansa Jigoro Kano. Sunan ya yi daidai da na birninmu, amma dacewa ce kurum. An haife shi a 1860, ya rasu a 1938. A 1882 ya buɗe makarantar judo mai suna Kodokan a cikin wani ɗakin bauta a Tokiyo, da almajirai 'yan ƙalilan. A 1883 ya fara ba almajiransa matsayi hawa hawa, tsarin da ya aro daga wani wasan dara na Japanawa da ake kira go. Bayan 'yan shekaru manyan almajiran suka soma ɗaura baƙar ɗamara domin a bambanta su da sababbi masu fara. Karate ta ɗauki tsarin a 1924. Su kuwa launukan nan na tsakiya, rawaya da kore da shuɗi, a Turai suka bazu, musamman ta hannun wani malami Bajapane, Mikonosuke Kawaishi, wanda ya koyar a Paris tun daga wajen 1935, domin ɗalibi ya riƙa ganin ci gabansa kada ya gaji ya bari.

Abin lura shi ne sunan da Japanawa suka ba baƙar ɗamara ta farko. Suna ce mata shodan, ma'ana taki na farko. Wato a wurin masu abin, wanda ya ɗaura baƙa yanzu ne ya iya haruffa, karatu na gaba. Kuma ɗamara shaidar malami ce a kan almajirin da ya gani da idonsa, a cikin wasan da ya koya masa. Shi ya sa al'ada ta zama cewa wanda ya bar karate ya koma judo, ko ya bar wata makaranta ya koma mai wani salo daban, yakan ɗaura fara har sabon malami ya gwada shi.

Mutanen duwatsun Nuba, a kudancin Kurdufan ta Sudan, suna da nasu tsarin tun kafin su ji labarin Japan. Ƙabilu ne da yawa masu harsuna gommai, manoman dawa da riɗi, masu shanu, kuma kokawa ce abin alfaharinsu. Makiyaya za su gane tarbiyyar ɗan kokawarsu nan da nan, domin a garke ake yin ta. Saurayi yakan bar gida ya tare a mashekarin shanu tare da tsaransa, ya yi kiwo, ya sha nono ya ƙoshi, da yamma a yi ta gwada ƙarfi. Ƙarami shi ke yi wa babba hidima, babba shi ke koya masa kamu. Idan kaka ta yi aka tara amfanin gona, sai ƙauye ya gayyaci ƙauye, samari su fito sun shafe jiki da farar toka, a kara. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi a kafaɗa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, George Rodger, ya ɗauki hoton wani zakaran ƙabilar Korongo a kafaɗar abokinsa a 1949, hoton da ya zaga duniya. Baƙin da suka zauna da ƙabilar Masakin a shekarun 1960 sun ba da labarin cewa ladar zakara reshen itace ne kawai, a ƙona shi, a adana tokar a cikin ƙahon sa, ranar da ya mutu a binne shi da ƙahonninsa.

A ƙauyukan Kau da Nyaro na kudu maso gabashin duwatsun, matsayi a launi yake, kamar na 'yan judo. Wani masani Ba'amurke, James Faris, ya zauna da su, ya fitar da littafi a kan zanen jikinsu a 1972. Ya nuna cewa yaro ƙarami jar ƙasa da fara yake shafawa, sai ya hau aji na gaba a yarda masa da rawaya, baƙi kuwa sai ya ƙara gaba. Yaron da ya yi azarɓaɓi ya shafa launin da bai kai ba, manyansa za su hora shi. Kun ga, ba wanda ke ba kansa launi. Jama'ar da suka san ka tun kana bin maraƙi su ke ba ka.

To yaya aka yi wannan kokawa ta sauko birni? Hartum gari uku ne a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Hartum kanta, da Bahri a arewa, da Umdurman a yamma. Umdurman ta zama babban birni ne a zamanin Mahadi, Muhammadu Ahmad, wanda ya ayyana kansa a 1881, ya yi hijira zuwa dutsen Gadir a ƙasar Nuba, ya ci Hartum ranar 26 ga Janairu 1885, ya rasu a watan Yuni na shekarar. Magajinsa Halifa Abdullahi ɗan makiyaya ne, daga Larabawan Baggara masu shanu. A zamaninsa sarkin yaƙinsa Hamdan Abu Anja ya kai yaƙi duwatsun Nuba, aka kwaso mutane da yawa zuwa Umdurman, wasu bayi, wasu aka sa su cikin rundunar 'yan bindiga da ake kira jihadiyya. Waɗannan ba da son ransu suka zo ba, kuma duk wani suna da suka yi a fagen ƙauyensu can suka baro shi.

Akwai wani abu a Umdurman ta wancan zamani da ya shafi zancenmu. Mabiyan Mahadi sun fara da sa jibba mai faci, tsummar talakan ɗarika, alamar cewa sun yar da duniya kuma kowa daidai yake da kowa. Da mulki ya kafu, sai teloli suka shiga ɗinka sabuwar jibba da faci masu launi an jera su tsaf, ta sarakunan yaƙi kuwa har da ado. Rigar ƙanƙan da kai ta koma rigar nuna matsayi cikin 'yan shekaru. Daular ta faɗi a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898. Haka alama take, ko riga ce ko ɗamara: da kyakkyawar niyya ake ƙirƙiro ta, sai mutane su manta da abin da take nunawa su kama son ta don kanta.

Babbar ƙaurar Nubawa zuwa birni a ƙarnin da ya wuce ta faru. Wasu aikin soja ya kawo su, wasu ƙwadago. Daga ƙarshen shekarun 1960 manyan gonakin tarakta a wurare irin su Habila suka cinye ƙasar noma da ta kiwo. Fari ya zo a 1984 da 1985. Yaƙi ya shiga duwatsun a tsakiyar shekarun 1980, aka tsagaita wuta a Janairu 2002, ya sake tashi a Yuni 2011. Kowane karo mutane na gangarowa, suna yada zango a unguwannin bayan gari: Umbadda a Umdurman, Mayo a kudancin Hartum, Haj Yusif a gabashin Bahri. Hausawa da Fulanin Sudan, waɗanda ake ce wa Fallata, sun san irin wannan zama, domin su ma hanyar hajji da hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903 ce ta kai kakanninsu can, suka fara daga gefen gari.

A Haj Yusif ne kokawar ta samu sabon gida. Kafin yaƙin 2023, ranar Juma'a da la'asar jama'a kan cika filin, a zagaye da'irar rairayi. Sai dai wasan da aka tarar a nan ya bambanta da na dutse. Tun zamanin shugaba Numairi, wanda ya yi mulki daga 1969 zuwa 1985, gwamnati ta matsa a daina fita tsirara, sannan aka kafa dokokin shari'a a Satumba 1983. Ɗan kokawar birni gajeren wando yake sawa, sau da yawa har da rigar 'yan ƙwallo. Akwai alƙalin wasa da usur, akwai ƙayyadadden lokaci, akwai kuɗin shiga. Maimakon ƙauye ya kara da ƙauye, ƙungiya ce ke karawa da ƙungiya, kuma ƙungiya kan haɗa 'yan ƙabilu daban daban, har da waɗanda ba Nubawa ba. Ladar zakara ta tashi daga reshen itace ta koma takardun kuɗi da 'yan kallo ke manna masa a goshi.

Ku yi tunanin saurayin da ya kayar da duk tsaransa a dutse, ya iso wannan fili. Launin da ya ci a gida ba wanda ya san fassararsa. Dattawan da za su ce mun san ubansa, mun ga kayensa, suna can nesa ko sun warwatse. Da rana yana dakon kaya ko yana aikin bulo, nonon garke kuwa sai labari. Ba shi da wata hanya sai ya nemi ƙungiya, ya gaida manyanta, ya karɓi abokin karawar da aka ba shi ko da yana ganin ya fi ƙarfinsa, ya koyi dokar usur da agogo. Idan da gaske gwani ne, Juma'a kaɗan za ta nuna. Mu ma haka muke yi a dambe: ƙanana su ke share fage kafin manya su fito, kuma baƙon ɗan dambe ba ya sauka daga mota ya ce sai zakaran gari.

A shekarar 2013 wani baƙo na daban ya shigo wannan fili. Sunansa Yasuhiro Murotatsu, jami'in siyasa a ofishin jakadancin Japan da ke Hartum, 'yan kallo suna ce masa Muro. Ya taɓa yin kokawa yana ɗan makaranta a ƙasarsu. Mutum ne mai muƙami, wanda a al'ada kujerar manyan baƙi za a ba shi a inuwa. Ya cire takalmi ya shiga rairayi a kan dokar masu fili, ba a sassauta masa komai ba. Aka kayar da shi. Ya tafi ya yi atisaye ya dawo, aka sake kayar da shi, ya kuma dawowa. 'Yan jaridar duniya suka yi ta ba da labarinsa, suna kiransa jami'in jakadanci mara takalmi. Shi kuwa abin da ya ce yana nema shi ne wasan ya zama sanadin haɗa kan mutanen Sudan.

Me ya sa jama'ar Haj Yusif suka so mutumin da ake kayarwa? Ku tuna su waye. Mutane ne da aka daɗe ana raina su a birnin, ana ganin wasansu na ƙauyawa ne. Sai ga wakilin ƙasar da ta ba duniya judo da karate ya zo ya zama ɗalibi a fagensu, ya yarda yaransu sun fi shi, bai kawo uzuri ba. Da ya zo da takardar shaidar gwaninta ya ce a girmama shi, da an tafa masa don ladabi an manta da shi. Kayen da ya sha ne ya tabbatar musu cewa ya ɗauki wasan da gaske. Hausawa sun riga sun faɗa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Daga nan sai abin ya juyo kan zakarun da kansu. A Satumba 2013 aka ba Tokiyo damar karɓar wasannin Olamfik na 2020. Ofishin jakadancin Japan ya kawo wani matashin mai horarwa, Kosaku Sunagawa, domin ya koya wa samarin Nuba kokawar Olamfik. Wannan kuwa wata duniya ce. A kan katifa ake yi, da takalmi, ana auna nauyin kowa a sikeli a haɗa shi da daidai shi, ana ƙirga maki. A Haj Yusif da ka kai mutum ƙasa an gama. A Olamfik sau da yawa nan ne aikin ke farawa, domin ana ci gaba da kamu a ƙasa har a danne kafaɗun mutum biyu ko lokaci ya cika. Ke nan wanda ake ɗagawa a kafaɗa ranar Juma'a, ranar Asabar yana durƙushe a katifa ana koya masa abin da yaron Japan ɗan shekara goma ya sani. Ƙarfinsa da iya tsayuwarsa suna nan, sun kuma taimake shi, amma rabin wasan bai taɓa ganinsa ba. A cikin shekara biyu an ga Bajapane ɗalibi a rairayi, an ga Banube ɗalibi a katifa, kuma ba wanda darajarsa ta ragu a cikinsu.

Masu dabbobi da fatake sun san wannan ta wata hanya. A yammacin Umdurman akwai babbar kasuwar shanu da raƙuma ta Muwailih, inda garkunan Darfur da Kurdufan suka riƙa sauka kafin yaƙin 2023. A kasuwannin dabbobin Sudan baƙo ba ya sayarwa da bakinsa kawai. Akwai mutumin da ake kira damin, kalmar da take tushe ɗaya da lamuni a Hausa, wanda ya san ƙabilar mai dabba, ya tsaya masa cewa ba ta sata ba ce. Ko kai arɗo ne mai shanu ɗari biyar a gida, sai wani ya lamunce ka. Haka fatoma yake a zangunanmu. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin zagi, domin kowa ya san amana a wurin da aka gan ka take.  Malamin da ya ce wa yaro ya ɗaura fara aikin damin yake yi: ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Amma a kula da gefe biyu, domin ƙanƙan da kai ba ƙarya ba ne. Wanda ya yi shekara goma yana wasa, ya je sabuwar makaranta ya ɓoye, ya bari aka haɗa shi da sabon shiga ya karya masa hannu, wannan ha'inci ya yi. Daidai shi ne ka gaya wa malami gaskiya: na yi kaza a wuri kaza, a hannun wane. Sannan ka bar masa hukunci, in ya ce riƙe ɗamararka ka riƙe, in ya ce ɗaura fara ka ɗaura. Haka makiyayin da ya sauka sabon wuri yake zuwa wurin mai gari da arɗon yankin ya faɗi yawan dabbobinsa da inda ya fito, ya tambayi burtali da mashaya, ba ya jira sai shanu sun shiga gona sannan a san da shi. Rigingimu da yawa da suka ci rayuka daga rashin wannan gaisuwar suka fara.

Shi ma mai masauki akwai nasa nauyin. In baƙo ya sunkuyar da kai, a gwada shi da adalci, kuma in ya nuna ya iya a ɗaga shi da wuri. Malamin da ya ajiye gwani a sahun baya shekara da shekaru don kada ya sha gaban yaransa ya cuci makarantarsa. Filin Haj Yusif ya yi suna ne saboda ya buɗe wa kowa rairayi, ɗan dutse da ɗan birni da baƙon Japan, kaye ya raba gardama.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum ya raba miliyoyin 'yan Sudan da gidajensu. Masu bin hanyar Chadi sun gan su a Adre da Abeche, wasu sun iso har Agadas. A cikinsu akwai malamai da likitoci da manyan 'yan kasuwar Umdurman, yau suna layin ruwa da jarka, ba wanda ya san ko su waye. Ba su zaɓi farar ɗamara ba, ƙaddara ce ta ɗaura musu. In ɗayansu ya tsaya a bakin rumfarka yana neman aikin awo ko dako, ka tambaye shi abin da ya iya, ka ba shi fili ya nuna.

Ga yaron da muka fara da shi kuwa, ya ninke tsohuwar ɗamararsa ya ajiye a akwati, ya je da wuri, ya gaida malami, ya tsaya inda aka tsayar da shi. Abin da ya koya yana jikinsa, kuma malami mai ido ba zai yi wata uku bai gani ba.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ba Sudan lafiya, ya kai matafiya gida, ya tsare garke. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.